Waiwaye: Yadda lambar ɗakin gwaji ta zama tallar magani a Kano

Duk mai sauraren rediyo a Kano, ko wanda yake cikin zauren WhatsApp na dangi, ya san an jima ana ja-in-ja a kan kalmomi biyu da suka shigo bakin masu talla, wato antioksidan, sinadaran da ake cewa suna kare jiki daga lalacewa, da folifenol, wani dangi daga cikinsu da ake samu a tsirrai. Ana jin su daga lasifikar motar mai magani a bakin kasuwa, ana ganin su a jikin kwalin shayin rage teɓa da robar garin zogale. Likitoci suna kukan cewa masu hawan jini da masu ciwon sukari suna ajiye maganin asibiti saboda waɗannan kaya, su kuwa masu sayarwa suna cewa ai binciken Turawa ne da kansa ya tabbatar da amfaninsu. A gefe guda kuma akwai matasan da suka karanta a intanet cewa jar giyar inabi tana gyara zuciya, suna kawo zancen a majalisa kamar wata sabuwar hujja. Mutane da yawa suna ɗauka cewa wayar hannu ce ta haifi wannan magana, alhali ta girmi wayar da shekaru masu yawa.

Abin ya shafe ni kai tsaye, domin bara na tarar da gwaggona ta jera ƙwayoyinta na hawan jini a bayan kwalla, ta koma shan wani jan gari da aka sayar mata. Da na ce, "Gwaggo, me ya sa kika bar maganin likita?" sai ta miƙo mini robar ta ce, "Ɗana, duba lambar da ke jiki, an ce ya fi lemo ƙarfi sau hamsin." Wannan lamba ce ta sa na bi sawun maganar, domin ba mai garin ne ya ƙirƙiro irinta ba, tana da asali.

Folifenol suna ne na babban dangin sinadarai da tsirrai suke yi don kare kansu daga ƙwari da cuta da zafin rana, kuma an san nau'o'insu sama da 8,000. Bakano bai san sunan ba, amma ya daɗe da sanin aikinsu. Majemin da yake jiƙa fata a ruwan bagaruwa yana amfani ne da tanin, wani reshe na folifenol wanda yake kama furotin ɗin fata ya hana ta ruɓewa, kuma wannan kamun ne harshe yake ji idan an ce goro yana da bauri. Jan launin da dukawa suke samu daga karan dafi na wannan dangi ne, haka ma jan zoɓo. Matar da ta jefa 'yar kanwa a tukunyar zoɓo don rage tsami, ta ga launin ya yi duhu, sannan ta matsa lemon tsami ya dawo ja wur, ta yi gwajin kimiyya ne a madafinta.

Farkon tarihin sananne ne. A 1936 Albert Szent-Györgyi, ɗan ƙasar Hangari wanda ya samu kyautar Nobel a 1937, ya raɗa wa wasu daga cikin sinadaran suna bitamin P, amma zuwa 1950 aka janye sunan saboda rashinsu ba ya haddasa wata cuta takamaimai kamar yadda rashin bitamin na gaske yake yi. A ƙarshen 1991 wani shirin talabijin a Amurka ya yayata cewa Faransawa suna cin maiƙo amma ciwon zuciya bai cika kashe su ba, aka jingina abin ga jar giya, a 1992 kuma mujallar likitanci ta Lancet ta buga maƙala a kan haka. A 1993 binciken dattawan garin Zutphen na ƙasar Holan ya alaƙanta shan shayi da cin albasa da tuffa da raguwar mutuwa ta ciwon zuciya. A 2006 aka nuna cewa resberatirol, wani folifenol da ake samu a fatar inabi, ya tsawaita ran ɓerayen da aka ciyar da abinci mai kitse. Waɗannan su ne labaran da ake maimaitawa.

Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne labarin ma'aunin kansa, kuma a ganina a nan gizo yake saƙa. A 1927 Otto Folin da Vintilă Ciocalteu suka haɗa wani ruwan gwaji mai launin ɗorawa don auna wasu sassan furotin. A 1965 Vernon Singleton da Joseph Rossi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gyara hanyar domin auna giyar inabi, daga nan ta bazu zuwa kowane irin abinci. Aikin ba shi da wuya: a ɗiga ruwan zoɓo ko na shayi a kwalbar gwaji, a zuba ruwan Folin, a ƙara wani gishiri ɗan'uwan kanwa, sai abin ya juye shuɗi, na'ura ta auna ƙarfin shuɗin, a fitar da lamba a ce ga jimillar folifenol. Araharta ce ta sa har yau ɗalibai a jami'o'inmu suke dogara da ita wajen aikin kammala karatu, kuma babu laifi a hakan muddin an san iyakarta. Iyakar kuwa ita ce ruwan Folin bai san folifenol da suna ba. Bitamin C yana sa shi yin shuɗi, wasu nau'o'in sukari suna yi, haka ma sinadarin salfait da ake zubawa a giya don kada ta lalace, saboda haka lambar takan haɗa da abin da ba shi ake nema ba.

A 1993 aka fito da wani ma'aunin mai suna ORAC, wanda yake auna ƙarfin antioksidan na abinci, wato ƙarfinsa wajen tare ƙwayoyin sinadari da ke haddasa abin da za mu iya kira tsatsar jiki. Ana zuba wani rini mai ƙyalli a kwalba, a saki ƙwayoyin da ke cinye ƙyallin, sannan a duba tsawon lokacin da ruwan abincin zai iya kare shi. A 2007 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta wallafa jadawalin wannan ma'auni na abinci 277, a 2010 ta faɗaɗa shi zuwa 326, domin amfanin masu bincike. Kayan ƙamshi irin su kanumfari da kirfa suna can sama, tare da dusar wasu nau'o'in dawa masu duhun launi, irin dusar da a nan muke zuba wa tumaki. Kasuwa ta samu abin da take so, wato lamba guda wadda za a buga a jikin kwali a ce wannan ya ninka wancan, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan kusan kowane ɗan itace na nesa sai da aka yi masa kirari da ita.

A 2012 ma'aikatar ta sauke jadawalin gaba ɗaya daga shafinta. Dalilan da ta bayar guda biyu ne: hujjoji suna ta taruwa cewa wannan lamba ba ta nuna abin da sinadaran, har da folifenol, suke yi wa lafiyar ɗan Adam ba, kuma masu sayar da abinci da magungunan ƙarin kuzari suna amfani da ita ta hanyar da ba ta dace ba wajen talla. Ina ganin wannan mataki ya cancanci yabo, domin ba kasafai ake samun mai aiki ya janye abin da ya ɗauki shekaru yana tarawa ba. Sai dai labarin wallafawa ya zaga duniya, na janyewa kuwa ya tsaya a mujallun masana, kuma kwafin jadawalin ya ci gaba da yawo a intanet har ya iso jikin robar gwaggona bayan fiye da shekara goma.

Me ya sa lambar ta gaza? Domin ciki ba kwalbar gwaji ba ne. Idan mutum ya sha zoɓo, abin da yake shiga jininsa na jan sinadarin a siffarsa ta asali kaɗan ne ƙwarai, galibi bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. Wanda ya samu shiga, hanji da hanta sukan ɗaura masa wasu sinadarai su sauya shi, ƙoda ta fitar da shi cikin 'yan awoyi, mafi yawa kuma yana wucewa babban hanji inda ƙwayoyin halittar da ke zaune a can suke farfasa shi zuwa wasu abubuwa dabam, waɗanda suka bambanta daga mutum zuwa mutum. Abin da aka auna a kwalba ba shi ne yake isa jijiya ba. Silvina Lotito da Balz Frei na jihar Oregon a Amurka sun ƙara fito da abin fili a 2004, lokacin da suka ba mutane tuffa suka ga ƙarfin antioksidan na jininsu ya hau, amma da suka bi diddigi sai suka tarar yurik asid ne ya hau, wanda jiki yake yi idan ya sarrafa sukarin 'ya'yan itace, ba folifenol ɗin tuffar ba. Tun kafin nan ma an samu gargaɗi daga Finlan a 1994, inda aka ba mashaya taba fiye da 29,000 ƙwayoyin gwaji, aka ga sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha beta-karotin, wanda shi ma antioksidan ne. Masana a yau sun fi karkata ga cewa idan folifenol yana amfani, yana yi ne ta wasu hanyoyi, kamar sassauta jijiyoyin jini da tasiri a kan ƙwayoyin hanji, kuma sun koma auna sinadaran ɗaya bayan ɗaya da na'urar kiromatogirafi mai rarrabe su, a abinci da kuma a jini da fitsari.

Batun giya, ga Musulmi addini ya riga ya yanke hukunci, ba ya jiran ɗakin gwaji. Amma tunda da sunan kimiyya ake kawo zancen, ya kamata a san cewa kimiyyar ma ta ja da baya. Adadin resberatirol da aka ba ɓerayen 2006, mutum sai ya sha ɗaruruwan kofuna a kullum kafin ya same shi daga giya. A 2014 aka buga sakamakon bin dattawa 783 a yankin Chianti na Italiya tsawon shekara tara, ba a ga wata alaƙa tsakanin yawan resberatirol a fitsarinsu da tsawon rai ba. Tun 1988 aka lura cewa rukunin da ake kira marasa sha a tsofaffin bincike ya ƙunshi waɗanda rashin lafiya ce ta sa suka daina, abin da ya sa masu sha kaɗan suke fitowa kamar sun fi lafiya. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa.

Wannan duka ba ya nufin zoɓonmu ruwan banza ne, kuma ba zan so a fahimce ni haka ba. A wani gwaji da aka buga a 2010 a Amurka, an raba mutum 65 masu matsakaicin hawan jini gida biyu, waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo a kullum na mako shida lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7, na rukunin da bai sha zoɓo ba kuwa da kusan maki 1. Sauƙi ne na gaske, amma ƙarami, kuma ba irin zoɓon biki ba ne da ake cika wa sukari. Babban gwajin sinadarin kokon da ake yin cakulan da shi, wanda aka kammala a 2022 da mutum fiye da 21,000 bai nuna raguwa tabbatacciya a jimillar cututtukan zuciya ba, ko da yake mace-macen da suka danganci zuciya sun ragu. Irin wannan sakamako mai ɗan haske da ɗan duhu ba ya shiga lasifikar mota. Abin takaici shi ne buhunan zoɓo suna tashi daga kasuwar Dawanau zuwa Meziko, mu kuma muna sayen jan gari a roba da tsada saboda an buga masa lamba.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi shafar gidajenmu wanda mai talla ba ya ambata. Tanin ɗin da yake kama fata a majema yana kama sinadarin ƙarfe a cikin hanji. Tun 1975 wani bincike a Afirka ta Kudu ya nuna cewa shan shayi tare da abinci yana rage ƙarfen da jiki yake zuƙa daga hatsi da wake da ganye, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna raguwar takan haura rabi. A garin da ƙarancin jini ya yi katutu a tsakanin masu juna biyu da ƙananan yara, kuma shayi mai kauri yake rakiyar kalaci a gidaje da yawa, wannan bayani ya fi kowace lambar ORAC amfani. Jinkirta shayin da kamar awa ɗaya bayan cin abinci yana rage matsalar, haka ma haɗa abincin da lemo ko gwaiba. Shi kuwa koren shayin da aka tace aka mai da shi ƙwaya, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa miligiram 800 ko fiye na babban sinadarinsa a rana yana iya taɓa hanta, alhali shayin da aka dafa aka sha yadda aka saba ba a cika samun wannan matsala da shi ba.

Gwaggona ta koma kan ƙwayoyinta bayan an auna ta an ga jinin ya hau. Tana dafa zoɓonta da citta da kanumfari ba tare da sukari ba, kuma na roƙe ta ta gaya wa likita tana sha, domin idan ya haɗu da magani yana iya saukar da jinin fiye da yadda ake so.