Mataimakin rubuta manhaja: sanarwar kuskure da bayanin kayan aiki

Samarinmu da ke rubuta manhaja a Makka da Jidda, musamman masu yi wa kamfanonin Hajji da Umara aiki, sun rungumi mataimakan nan na ƙirƙirarriyar basira irin su GitHub Copilot da Cursor da Claude Code. Ga wasu tambayoyi da ke yawan tasowa a zaman shayi bayan Isha'i wajen Shara Mansur a Makka.

Me ya sa ake son mataimakin ya riƙa turo sanarwa a fuskar kwamfuta?

Saboda aikinsa ya sauya. Lokacin da Copilot ya fito a 2021, ƙarasa maka layin da ka soma kawai yake yi, idonka na kansa. Na yanzu kuwa, irin Claude Code da ya fito a 2025, aike ake ba su: su buɗe fayil, su gyara, su gwada, su sake gyarawa. Sai ka ba shi aiki ka tafi sallar La'asar, ka dawo ka tarar tun a minti na biyu ya cije, yana jiran ka ba shi izinin wani umarni. Rabin awa ta tafi a banza.

Yaya ake haɗa ta?

Ba wuya. A Linux akwai umarnin notify-send, a Mac akwai osascript, a Windows kuma ana bi ta PowerShell. Claude Code yana da abin da za mu iya kira ƙugiya (hook), wato wurin rataya umarnin da zai tashi da kansa idan wani abu ya faru, wadda ake rubutawa a fayil ɗin settings.json: ka rataya umarninka a kan Notification don lokacin da yake neman hankalinka, ko a kan Stop don lokacin da ya kammala. Gane kuskure ma da sauƙi, domin duk umarnin da ya ƙare yana barin lamba. In 0 ce lafiya lau, in wata ce akwai matsala. Mai son saƙon ya same shi a waya yana iya amfani da ntfy, manhajar tura sanarwa. Sai dai ka duba ko ka bar kwamfutar a yanayin hana damu, don da yawa sun sha zargin ƙugiya alhali su suka toshe mata baki.

Kowane kuskure ne ya kamata ya yi ƙara?

A'a. Mataimakin kan faɗi sau da yawa ya tashi da kansa, kuma faɗuwar gwaji ɓangare ne na aikinsa. In kowace tuntuɓe za ta buga maka ƙararrawa, kafin Azahar ka daina kallonta. Ni a ganina uku sun isa: yana jiran izini, ya gama, ko yana ta maimaita kuskure guda ya kasa fita.

To mene ne bayanin kayan aiki, kuma me ya haɗa shi da wannan?

Nan ne gizo ke saƙa. A Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP, wanda ke ba mataimaki damar amfani da kayan aikin waje, kamar rumbun bayanai ko manhajar kama ɗaki a otal, kuma kamfanin OpenAI ya karɓe shi a 2025. Abu uku ake gabatar wa mataimakin game da kowane kayan aiki: sunansa, ɗan bayani da aka rubuta a kansa, da tsarin abubuwan da za a cike masa. Ba ya leƙa cikinsa ya ga yadda aka gina shi. Da wannan bayanin yake yanke wanda zai ɗauka da abin da zai zuba masa. Tamkar ka aiki baƙon da ya sauka jiya kasuwa ne, bai san kowa ba sai abin da ka rubuta masa a takarda.

A ba mu misali.

Ɗauki kayan aikin kama wa alhazai ɗaki. Mai shi ya rubuta: "Yana kama ɗaki. A ba shi kwanan wata da kuɗi." Wane kwanan wata? A Saudiyya kalandar Hijira ta Ummul Ƙura da ta Miladiyya tare suke tafiya. Kuɗin fa, riyal ne ko halala? Riyal ɗaya halala 100 ne, kuma manhajojin biyan kuɗi da dama da ƙaramin ma'auni suke lissafi, don haka 500 na iya zama riyal 500 ko riyal 5. Harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020 yana ciki ko ba ya ciki? Agogon Makka ko na Kano, da ke bayansa da awa 2? Mataimakin zai cike da zato gaba gaɗi, manhajar ta karɓa, lamba ta fito 0. Ba wata sanarwa da za ta tashi, domin a wajen kwamfuta komai ya tafi daidai. Ranar da alhaji ya tsaya gaban mai karɓar baƙi da jakarsa aka ce ba sunansa, ihu bayan hari kenan.

Bayani mai kyau sai ya faɗi abin da kayan ke yi, yaushe za a ɗauke shi, yaushe ba za a ɗauke shi ba, ma'aunin kowace lamba, da ko abin da ya aikata yana warwaruwa. In kana da kayan aiki biyu masu kama da juna, na duba ɗaki da na kama ɗaki, rubuta bambancinsu ɓaro-ɓaro a cikin kowanne.

Saƙon kuskuren shi kansa fa?

Mutum biyu ke karanta shi, kai da mataimakin. A MCP kayan aiki na iya ɗaga alamar isError ya haɗo da rubutu. In rubutun "an samu matsala" ne kawai, mataimakin zai yi ta lalube. In kuwa ya ce "a kawo kwanan wata na Miladiyya, shekara sannan wata sannan rana", yawanci zai gyara da kansa, kai ko tashi ba za ka yi ba.

Da wane harshe zan rubuta bayanin?

Mataimakan sun fi ƙwarewa a Turanci, Larabcinsu ma ba laifi, Hausa ce ke baya. Bayanin kayan aiki ka rubuta shi da Turanci mai sauƙi. Sanarwar da za ta faɗo a fuskar kwamfutarka kuwa taka ce, kana iya sa ta ce "Malam, ina jiran izininka."