Wai me ake nufi da "littafin yaƙi" ne?

In ka ji matashi a Tudun Wada ko Rigasa ya ce shi fa ba ya karanta soyayya, littafin yaƙi yake karantawa, kar ka ɗauka tarihin yaƙin basasa yake nufi, ko labarin yadda Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Ko kusa. A bakin masu karatun Hausa, littafin yaƙi sunan wani kalar ƙagaggen labari ne da ake kafa shi a wani zamani can baya, ba bindiga ba mota ba waya, sai takobi da mashi da kwari da baka da sulke, ga sarakuna ga gimbiyoyi, ga bokaye masu madubin tsafi, ga aljanu da ifiritai da maridai ana aikensu kamar yaran gida. Wasu na cewa littafin jarumta, amma dai sunan da ya zauna a bakin mutane shi ne littafin yaƙi.

Kuma ba yaƙin ne kaɗai yake sa a kira shi haka ba. Ka rubuta labarin sojoji da bindigogi a daji, a yi ta harbi tun shafin farko har na ƙarshe, ba wanda zai ce maka ka rubuta littafin yaƙi. Amma jarumi zai iya yin shafi hamsin yana ratsa daji shi da dokinsa bai zare takobi ba ko sau ɗaya, kuma kowa ya yarda littafin yaƙi ne, saboda duniyar da aka shigar da kai ita ce magana. Yawanci akwai azzalumin sarki ko wani takadarin boka da ya addabi duniya, sai bincike ya nuna masa za a haifi yaron da zai zama ajalinsa, sai a shiga farautar jariri, yaro ya tsira ya girma a ɓoye, daga nan a ce masa ba zai ci nasara ba sai ya ɗauko wata takobi ko wani zobe a wani kogo da ke bayan dazuzzuka bakwai, kowane daji da irin masifar da ke cikinsa. Shi ya sa ba ya ƙarewa a littafi ɗaya. Na ɗaya, na biyu, na uku, wani har ka gaji da ƙirgawa.

Mu 'yan jihar Kaduna muna da abin cewa a asalin wannan harka, don Zariya tana cikin inda abin ya samo tushe. A 1933 ne wani Bature, Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na ƙaninsa Abubakar Imam. Ganɗoki ya fara ne da yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa na gaske, can kuma sai labari ya tsallaka ƙasar aljanu. A 1951 Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Ga kuma Dare Dubu da Ɗaya da aka fassara tun 1924, ga hikayoyin Larabawa irin na Antaru ɗan Shaddadu da Saifu ɗan Zi Yazana da malamai suka daɗe da sani. Da adabin kasuwar Kano, wato littattafan labarai da marubuta ke buga wa kansu ana sayarwa a kasuwa, ya bunƙasa sai abin ya zama sana'a sosai, kuma in ana maganar wannan fanni sunan da ake fara ambata shi ne Abdulaziz Sani Madakin Gini.

To amma abin da ya fi ba ni sha'awa ba littattafan ba ne, masu karatun ne. Ban ga masu karatu masu rigima da marubuci kamar na littafin yaƙi ba, kuma kalmar da suka fi jifansa da ita ita ce "ƙarya ta yi yawa".

Wanda ba ya harkar in ya ji haka dariya zai yi, ya ce haba malam, littafin da aljani mai kai bakwai yake magana a ciki, dama ina gaskiyar take da har za ka ce ƙarya ta yi yawa? Ai nan ne bai gane ba. Mai karatu bai taɓa yin ƙorafi don an ce jarumi ya kashe dakaru dubu shi kaɗai ba, wannan ai shi ya zo nema, har gyara zama yake in an kacame da sara da suka. Abin da ba ya yafewa shi ne marubuci ya kafa doka da hannunsa kuma ya dawo ya taka ta. A littafi na ɗaya ka faɗa mana takobin nan ba mai iya ɗaga ta sai wanda ya fito daga tsatson sarki wane, muka yarda, muka bi ka a haka, sai a littafi na biyar wani bawa ya zo wucewa ya sunkuce ta ba wani bayani. Ko ka ce ran boka yana ɓoye a cikin wani ƙwai, ƙwan yana cikin tsuntsu, tsuntsun yana ƙarƙashin teku, muka ƙare littafi uku ana neman ƙwan nan mutane suna ta mutuwa a hanya, ƙarshe kuma boka ya mutu da sara ɗaya a wuya ba a ko fasa ƙwan ba. Ko aljanin da ka ce yana yin tafiyar shekara arba'in kafin ƙiftawar ido, ranar da aka kulle jarumi a kurkuku kuma sai ya kwana uku a hanya don kawai kana so labari ya yi tsawo. Kamar ludo ne a majalisa, ba wanda yake tambayar dalilin da sai ka buga shida za ka fito, kowa ya yarda da hakan, amma ka buga biyar ka ci gida bakwai ka ga yadda za a tashi wasan. Wannan ita ce ƙaryar da ake nufi, kuma ni a ganina masu karatu sun fi marubuta gaskiya a nan, don su ne suke riƙe da lissafin, wani ma sai ya kawo maka shafin da ka faɗi maganar.

Sai rigima ta biyu, kisa. Mun taso da "akta ba ya mutuwa" tun daga finafinan Indiya da na Cana, to haka ake shiga littafi da wannan tunanin. Ranar da marubuci ya kashe aminin jarumi ko wata jaruma da aka saba da ita, guruf ɗin WhatsApp ba ya kwana lafiya. Wannan ya ce wallahi ya daina karantawa, waccan ta ce Allah ya isa kuɗin datarta, wani ya turo sitikar kuka guda goma, wani kuma har ta'aziyya yake yi wa mutane da gaske, Allah ya ba mu haƙuri. Kuma duk masu cewa sun daina ɗin su ne za ka gani da asuba suna tambaya ko an saki ci gaba. Inda nake jin haushi shi ne in marubuci ya tsorata da surutu ya dawo da mamacin, wai ashe ba shi aka kashe ba, wani aljani ne ya rikiɗa ya ɗauki kamanninsa. A ranar kam za a yi ta murna ana yi masa kirari, amma daga nan mutuwa ta daina ba kowa tsoro a littafin, ko an sare kan wani sai ka ji ana cewa bari dai mu gani, zai dawo.

Jira ma wani babi ne. Da can a shagon haya ake yi, ka karɓi na ɗaya da na biyu ka cinye a dare ɗaya da fitila, ka koma a ce maka na uku yana hannun wani ko bai ma fito ba, alhali an tsaya daidai inda aka ɗaga takobi za a sare jarumi. Yanzu abin ya koma waya, ana bi a Facebook da WhatsApp, wasu kuma saurare suke a YouTube suna kan keke napep ko suna ɗinki, amma jiran yana nan. Ba mu kaɗai ba ne fa, George R. R. Martin na Amurka ya fitar da littafin farko na dogon labarinsa a 1996, na biyar a 2011, aka yi fim ɗinsa aka gama a 2019 masu karatu suna ta jiran na shida.

Akwai kuma masu tambayar ko ya dace a yi ta karanta labarin tsafi da bokaye. Marubuta da yawa suna warware wannan ta hanyar kawo jarumi ma'abocin addinin Musulunci wanda addu'arsa take karya duk wani sihiri, a ƙarshe birni ya musulunta a rushe gumaka. Da yawa suna jin daɗin haka, wasu kuma ƙorafinsu ba a kan saƙon ba ne, cewa suke da zarar ya bayyana ka riga ka san ƙarshen labari, to a bari ya ɗan sha wuya mana kafin nasara ta zo.

Masu cewa littafin maza ne kuwa ba su shiga guruf sun gani ba, mata suna ciki sosai, kuma jarumai mata masu riƙe takobi suna cikin waɗanda aka fi so. Daga nan ne ma wani ƙorafin yake tasowa wanda nake goyon baya: kullum Misra, kullum Rum da Hindu da Sin, sunayen jarumai duk na Larabawa ko masu kama da su. Ga Sarauniya Amina ta Zazzau, ga Turunku nan a ƙaramar hukumar Igabi, ga dutsen Kufena, ga ganuwa da ƙofofin Zariya, ga iskokin bori da sunayensu da halayensu kowa ya sani, me ya hana a gina daula a kansu? Ina zargin dalilin dai shi ne Misra ta yi nisa, ba mai zuwa ya duba. In ka kafa labarinka a Zazzau kuwa, ka ce jarumi ya yi wata uku a kan doki daga Turunku zuwa Kufena, ɗan Zariya na cikin guruf ɗin kuma ba zai bari ta wuce ba.