Tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin 12 Angry Men da waɗanda suka sake yin sa

Mene ne labarin?

A birnin New York ake tuhumar wani saurayi mai shekara 18 da kashe mahaifinsa da wuƙa. An kulle mutum 12 masu taya alƙali yanke hukunci a ɗaki guda, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. In suka ce ya aikata, hukuncin kisa ne. Sha ɗaya sun amince ya aikata tun a ƙuri'ar farko, ɗaya, wanda jarumi Henry Fonda ya fito a matsayinsa, ya ce a tsaya a tattauna.

Nawa aka kashe?

Kusan dala 340,000. Sidney Lumet ya ba da umarni a 1957, fim ɗinsa na farko ke nan. An yi mako biyu ana gwaji, ɗauka kuma ta ci kusan mako uku. Cikin minti 96, in ka cire kamar uku, duk a ɗaki ɗaya ne.

Ta yaya ɗaki ɗaya bai gundura ba?

Aikin kyamara ne. Da farko Lumet da mai ɗaukar hoto Boris Kaufman sun ɗora ta sama da idon 'yan wasa, ɗakin na da yalwa. A tsakiya suka sauko daidai ido. A ƙarshe suka koma ƙasa har rufi ya bayyana, suka canza gilashin kyamara zuwa mai janyo abu kusa, sai bango ya matso, mai kallo ya ji ƙunci. Wahalar ita ce ana ɗaukar ɓangare ɗaya na teburi a gama kafin a juya fitilu. In ba a lura da gumin riga da hasken taga kafin ruwan saman da aka yi a cikin labarin da bayansa ba, wajen haɗa hoto asiri zai tonu.

Su wa suka sake yin sa?

Basu Chatterjee a Indiya da Ek Ruka Hua Faisla (1986), William Friedkin a Amurka (1997), Nikita Mikhalkov a Rasha da 12 (2007), inda wanda ake tuhuma ɗan Checheniya ne.

Wanne ya fi?

Na asalin. Mikhalkov ya kai mutanensa babban ɗakin wasanni na makaranta, ya ƙara hotunan yaƙi, fim ya haura awa biyu da rabi. Ya samu abin faɗa kan Rasha, amma matsin nan ya tafi.