Amsoshin kacici-kacici, don ku bar mini zaure in huta

Tun da na ajiye alli, duk lokacin da aka ce za a yi gasar kacici-kacici tsakanin makarantu a nan Maraɗi sai zauren gidana ya koma aji. "Mushe, ina ne kaza? Mushe, wa ya yi kaza?" Tambayoyin bara ne, su ne na bara waccan. To ga su a rubuce. Wanda ya sake zo mini da su, ya zo da goro.

Mene ne babban birnin Nijar?

Yamai. Yaron da ya shekara shida a lakwal ya yi wannan tambaya, ya ji kunya. Kafin 1926 Damagaram ce mazaunin gwamnatin Turawan Faransa, nan kuma ake kama ku.

Su wane ne Hausa Bakwai?

Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Rano kuke mantawa kullum. Maraɗi ba ta ciki, kada son gida ya sa ku cusa ta.

To don me ake ce wa sarkinmu Sarkin Katsina?

Yawwa, wannan ita ce tambaya. Gidan sarautar daga Katsina ya taso. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, a 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, sarakunan Haɓe suka yo arewa. Ɗan Kasawa ne ya kafa mulkinsu a Maraɗi, kuma ba su saki sunan ba har yau. Gobirawa ma haka suka yi zamansu a Tsibiri, ga ta nan kusa da mu. Ku ƙara da wannan: tsohon gari a cikin fadamar Gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu. Ku tambayi kakanninku, sun fi ni iya ba da labarin.

Labarin Bayajida gaskiya ne?

Labarin kaka da kakanni ne. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, ana zuwa ganinta. A gasa abin da za a nema shi ne sunan macijin, Sarki, da sarauniya Daurama, da ɗansu Bawo. Ka faɗa ka zauna, ba wanda ya sa ka rantsuwa.

Wa ya fara cin takobin gasar kokowa ta ƙasa?

Kantu, ɗan Maraɗi, a Tawa, 1975. Filin kokowarmu da sunansa ake kiransa, kuna wucewa ta gabansa kullum, amma sunan mai tsaron ragar Barcelona ne a bakinku.

Nijar ta taɓa samun lambar Olamfik?

Sau biyu da ya kamata ku riƙe. Isaka Dabore ya samo tagulla a dambe a Munich, 1972. Alfaga ya samo azurfa a taekwondo a Rio, 2016. Mena kuwa, ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta ƙasa, ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013.

Mushe, idan na tabbata amsata daidai ce amma alƙalin gasa ya ƙi karɓa, in yi gardama?

To, a nan sai mu zauna, don ba ta da amsa guda. Da farko, ɗana, ka tabbata ka ji tambayar da kunnenka biyu, don sau da yawa kai da alƙali kowa yana da gaskiyarsa. In aka ce jihohin Nijar nawa ne, wani littafi zai ce bakwai: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Wani ya ce takwas, ya sa Yamai. In aka ce yaushe Nijar ta samu ƴancin kai, 3 ga Agusta 1960 ne, amma in aka ce ranar jamhuriya, 18 ga Disamba 1958 ake nufi, kuma na sha ganin yaro ya danna ƙararrawa kafin a ƙarasa jimlar. Wannan laifinsa ne, ba na alƙali ba.

Wani lokaci kuma takardar alƙalin ce ta tsufa. Ƙasa mafi girma a Afirka a da Sudan ce, tun da ta rabu biyu a 2011 Aljeriya ta karɓa. Na taɓa zama a wata gasa aka hana wata yarinya maki a kan wannan, ita ce da gaskiya, ta fita tana kuka. Har yau abin yana ci mini rai. Kogi mafi tsawo a duniya ma, yawancin littattafai Nilu suke cewa, akwai masu awo da ke ba Amazon. A gasar lakwal ka ce Nilu, shi ya fi yiwuwa yana kan takarda.

To a yi gardama ko a'a? Ya danganta. In dokar gasar ta ba da damar ƙorafi, ka bar malaminku ya tashi, kai ka yi shiru, kuma ya zo da littafi a hannu, ba "na gani a Facebook" ba. In ba ta bayar ba, ni dai shawarata ka haɗiye, ka sa hankali kan tambaya ta gaba, don wanda ya fusata biyu yake ƙara zubarwa. Amma in maki ɗaya ne tsakaninku da kofi, ba zan ce ka yi shiru ba. Ka ɗaga hannu cikin ladabi ka ce, "Malam, a sake dubawa." Wata sa'a a duba, wata sa'a a ce ka zauna. Kada ka damu, ba a kanka aka fara ba.

Dala nawa ne a cikin jika?

Haba! Dala ɗaya sefa 5 ce, jika sefa 1000, dala 200 ke nan. Mai tuyar ƙosai a bakin kasuwa ba ta buƙatar alli a kan wannan.

Dutse mafi tsawo a Afirka fa?

Kilimanjaro, a Tanzaniya, mita 5895. Na gida kuwa yana cikin duwatsun Bagzan, a Ayar.

Mushe, za ka zo ranar gasar?

In kun turo kabu-kabu, kuma kun biya shi.