Lissafi mai zurfi a aji shida: tambayoyin ɗalibai da iyaye

Duk shekara, da an fara maganar rajistar WAEC da NECO, sai ɗaliban aji shida na ɓangaren kimiyya su shiga tunanin darasin da za su cike takarda da shi, tunda ba a wuce darussa tara. A nan ne ake yawan tambaya kan lissafi mai zurfi, wanda a jadawalin makaranta ake rubuta shi Further Maths, a Gana kuma Elective Maths. Ga tambayoyin da aka fi kawo mini.

Malam, me ya raba shi da lissafin da kowa ke yi?

Lissafin gama-gari dole ne ga kowane ɗalibi, wannan kuwa zaɓi ne. Kashi uku ne. Na farko tsantsar lissafi: aljabara mai nisa, matiris, jerin lambobi, tirigonometiri da kalkulas. Na biyu ƙididdiga da lissafin yiwuwar abu. Na uku bekta da lissafin motsi da ƙarfi, wanda rabinsa fiziks ne.

Ɗauki bekta. Mai kwalekwale a Yawuri ya nufi tsallaken kogi kai tsaye da gudun kilomita 4 a awa, ruwa kuma yana jan sa gefe da gudun kilomita 3. Ba za ka ce 4 da 3 bakwai ba, don ba waje ɗaya suka fuskanta ba. Jirgin zai tafi a karkace da gudun kilomita 5 a awa, ya sauka ƙasa da inda ya nufa. Masunta sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa suke ɗan karkata bakin jirgi wajen da ruwa ke fitowa. Bekta kawai tana gaya maka gwargwadon karkatar.

Wannan kalkulas da ake tsorata mu da shi, mene ne shi?

Lissafin abin da ke canzawa ne. Direban da ya ci kilomita 160 a awa biyu, lissafin firamare zai ce gudunsa 80 a awa. Amma ai ya tsaya shan mai, ya ja a hankali cikin gari, ya taka wuta a daji. Allurar da ke gabansa tana nuna gudunsa na wannan ƙiftawar ido, ba na tafiyar duka ba. Reshen kalkulas na farko, difarenshiyeshan, shi ke fito da irin wannan gudun. Na biyu, intigireshan, yana yin akasin haka: ya tattara ƙananan gutsattsari ya ba ka jimillar tafiya, ko girman fili mai lanƙwasassun iyakoki. Isaac Newton na Ingila da Gottfried Leibniz na Jamus ne suka tsara shi a ƙarni na 17, kowa a gefensa.

Ga misalin da nake fara koyarwa da shi. Mai lambu yana da waya mita 100, yana so ya kewaye fili mai kusurwa huɗu. In ya yi tsawo 40 faɗi 10, ya sami murabba'in mita 400. In ya yi 30 da 20, ya sami 600. Ina ne ƙarshen ribar? Kira tsawon x, faɗin ya zama 50 − x, girman fili ya zama 50x − x². Kalkulas ya ce saurin ƙaruwar filin shi ne 50 − 2x, kuma inda wannan ya zama sifiri, a nan fili ya daina ƙaruwa. Wato x ya zama 25, fili ya zama murabba'in mita 625. Layi uku, an gama. Da waya ɗaya, wani ya sami 400, wani 625. Idan na kai nan, ajin kan yi tsit, sannan wani daga baya ya ce, "Malam, shi ke nan?" Shi ke nan. Sauran duk aljabara ce, kuma a nan gizo ke saƙar.

Sai da shi ake samun gurbin karatu a jami'a?

A yawancin kwasa-kwasai, a'a. Abin da ake nema kiredit biyar ne, wato daga A1 zuwa C6, ciki har da Turanci da lissafin gama-gari. JAMB ma ba ta da takardar lissafi mai zurfi. Sai dai akwai jami'o'in da ke neman sa a sashen injiniya, saboda haka a duba ƙa'idar kwas da jami'ar da ake so a kundin JAMB kafin a yanke shawara.

To in ba dole ba ne, don me zan ɗora wa kaina wahala?

Dalili biyu, kuma na biyun ya fi nauyi.

Manhajar lissafin JAMB tana ɗauke da kalkulas, matiris, da lissafin jerawa da zaɓi. Tambaya 40 ce a lissafi, cikin 180 da za a amsa a awa biyu, wato ba a kai minti ɗaya ga kowace tambaya ba. Wanda ya saba da waɗannan babuka tun aji biyar yana gani zai gane hanya, wanda kuwa ya fara jin sunansu a wajen lesin wata biyu kafin jarrabawa, canka zai yi.

Na biyu shi ne aji ɗaya na jami'a. Duk wanda ya shiga injiniyanci, kimiyyar kwamfuta, fiziks ko ƙididdiga zai tarar da kwasa-kwasan lissafi suna jiransa tun zangon farko, a ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, malami na gaba ba ya waiwaye. Abin da aka koyar a shekara biyu a sakandare, a can makonni kaɗan ake ba shi. Na ga yara masu A1 a lissafin gama-gari da suka dawo hutun farko jiki a sanyaye, ba don ƙwaƙwalwarsu ta gaza ba, sai don ranar da suka fara ganin alamar intigireshan ita ce ranar da aka ba su jinga a kanta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ban yi shi a aji huɗu da biyar ba. Zan iya farawa yanzu?

A nan nake saɓawa da wasu abokan aikina. Koyo daban, rajista daban. Manhajar ta shekara uku ce, kuma wanda ya ce zai haɗiye ta cikin wata shida, yawanci fiziks da kemistirinsa ne ke biyan kuɗin. F9 a takarda ba ya ƙara wa kowa komai.

Gwada kanka da wannan, ba littafi, ba kalkuleta. Warware x² − 5x + 6 = 0. Haɗa 1/x da 1/(x + 1) su zama kaso ɗaya. Faɗi sin 30° da log 1000. In ka gama cikin minti biyar, ka sami 2 da 3 a ta farko ba tare da gumi ba, tushenka yana da ƙarfi, kana iya rajista, musamman a NECO da ke zuwa bayan WAEC, wadda za ta ba ka ƙarin makonni. In kuwa ka tsaya cizon biro a kan kason, bar rajistar. Gyara aljabararka, sannan ka koyi babukan da JAMB ke tambaya, sauran ka bi su a dogon zaman da ke tsakanin gama sakandare da shiga jami'a. Watannin nan da yawa a majalisa da kallon ƙwallo suke ƙarewa.

Yaya takardar WAEC take?

Takarda biyu ce. Ta farko tambaya 40 ta zaɓi, mafi yawansu daga tsantsar lissafi. Ta biyu tana da tambaya takwas na dole, sannan wasu bakwai masu tsawo da za ka zaɓi huɗu, amma tilas ka taɓa kowane kashi cikin ukun nan. Ma'ana ba za ka ce ka yafe lissafin motsi gaba ɗaya ba, dabarar da ɗalibai ke yi kullum tana kayar da su. Kuma masu duba takarda suna ba da maki a kan hanya, ba a kan amsa kaɗai ba. Rubuta kowane mataki, ko da ka san amsar a ka.

Makarantarmu ba ta da malaminsa. Ya za mu yi?

Wannan ita ce babbar matsalar, ba wuyar darasin ba. A makarantu da dama malamin lissafi ɗaya ne ke yawo daga aji huɗu zuwa shida. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku nemi manhajar WAEC da tambayoyin shekarun baya, ku roƙi malamin fiziks ya ɗauke ku bekta da motsi, don gidansa ne. Ɗalibin jami'a da ya zo hutu a unguwa zai iya kai ku ƙarshen kalkulas. Darussan YouTube suna taimakawa, amma kallo ba koyo ba ne: a tsayar da bidiyon, a warware da hannu, sannan a ci gaba.

Malam, 'yata likita take so ta zama. Yana da amfani gare ta?

Alhaji, a JAMB Turanci, bayoloji, kemistiri da fiziks za ta rubuta, babu lissafi. In tana jin daɗinsa, a bar ta, zai sauƙaƙa mata fiziks, ƙididdigar kuma za ta sake haɗuwa da ita a karatun likita. In yana cinye mata lokacin kemistiri, ta ajiye shi ba laifi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire ta don wai darasin maza ne.

Mu da ke Nijar fa?

Tsarin ya bambanta. Ba a ware shi a matsayin darasin zaɓi ba, rukunin da ɗalibi ya shiga ne ke yanke zurfin lissafinsa. Wanda ke rukunin C a ajin ƙarshe, lissafi da fiziks ne ƙashin bayan jarrabawarsa ta BAC, wato ta kammala sakandare, na rukunin D kuma yana haɗa lissafi da kimiyyar halittu.

Gaskiya ne sai mai baiwa ke iya shi?

Baiwa tana nan, ba a musu, amma C4 ko B3 ba ta buƙatarta. Abin da take buƙata awa ɗaya ce kullum da biro da takarda. Masu cewa lissafi ba namu ba ne kuwa, su tuna Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, malamin da ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi, irin wanda kowane layi ke ba da jimilla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Almajirin da ya iya rabon gado, ya fitar da sudusi da sumuni daga dukiya ɗaya ba tare da ya rikice ba, ya riga ya ƙetare gwajin kason nan da na bayar a sama.