Waiwaye: Daga mai gyaran rediyo zuwa mayen kwamfuta a Jos

Kawuna yana da 'yar rumfa a Gangare tun muna yara. Teburinsa cike yake da gawarwakin rediyo, ƙarfen narka dalma na hayaƙi a gefe, shi kuma ya duƙa da tabarau a karan hanci yana bin waya ɗaya bayan ɗaya. Dattawa kan kawo masa rediyo da hantsi su ce, "Malam, a taimaka kafin labaran BBC na dare." Yakan wuni bai ce uffan ba, wani lokaci har ya manta da abinci, amma ban taɓa jin an kira shi ɗan zaman banza ba. Abin da yake yi kowa na gani da ido.

Jos ba baƙuwar na'ura ba ce. Haƙar kuza ce ta sa kamfanin NESCO ya fara samar da lantarki daga ruwan Kurra a 1929, lokacin da yawancin garuruwan Arewa ke kwana da aci-bal-bal. A nan aka fara nuna talabijin mai launi a Nijeriya a 1975, a tashar tsohuwar jihar Binuwai-Filato. Hukumar fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1979 nan hedikwatarta take, kwalejin talabijin ta NTA kuma tana Rayfield. Yaron da ya tashi a garin nan yana son buɗe cikin na'ura ya ga abin da ke motsa ta, ba daga sama ya faɗo ba.

Saɓanin iyaye da irin waɗannan yara ya fara ne da zuwan intanet. A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, layi ɗaya ya kai naira 20,000, kira naira 50 a minti, sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan talaka ya ɗan numfasa. Waya ta samu karɓuwa nan da nan, domin ɗan kasuwar Faringada ya ga amfaninta tun a ranar farko: zai ji farashin tumatir a Legas kafin ya loda mota. Kafe ɗin intanet kuwa bai samu wannan shaida ba. Ɗaki ne mai duhu da ƙarar janareto, ka sayi tikitin awa ɗaya, rabin awar ta tafi wajen jiran shafi ya buɗe. Da yake da dare ya fi sauri kuma ya fi araha, samari suka koma kwana a can.

Ƙanena na cikinsu. Ina tuna wata asuba ya shigo ido jawur, Inna na tsaye a tsakar gida da buta.

"Daga ina kake?"

"Inna, karatu na je."

"Wane irin karatu ne ba littafi ba malami, sai dare ya raba?"

Bai iya ba ta amsa ba, ni ma a lokacin ban iya ba. Yana koyon gina shafin intanet ne, abin da ba shi da suna a gidanmu. Kuma ba zan ce tsoron iyaye ba shi da dalili ba. A waɗannan ɗakuna ana kallon batsa, a nan 'yan damfarar da ake kira 'yan Yahoo suka yi ƙaurin suna, har ya zama babban aikin EFCC bayan kafa ta a 2003. Sai aka yi musu kuɗin goro. Mai koyo da mai cuta duk kujera ɗaya suke zama, allo ɗaya suke kallo, wanda ke waje ba ya iya bambancewa. Wannan zargi ya bi samari shekara da shekaru: matashi da laftof a jaka abin tarewa ne a hanya, kuma yana cikin koke-koken da suka fito da mutane zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020.

Ba wa'azi ne ya sauya ra'ayin mutane ba, tilas ce. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, uban da ya hana ɗansa zuwa kafe shi ne ya riƙa neman inda za a koya wa 'yarsa riƙe linzamin kwamfuta. Ga BVN, ga NIN, neman aiki ya koma ta intanet. Mayen kwamfuta na unguwa ya zama mutumin da ake sallama da shi tun da sassafe. A 2015 ɗin ce kuma aka buɗe cibiyar nHub a Jos, inda matasa ke koyon rubuta manhaja.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka rungumi wayar muka bar sanin ta. A rikicin Barikin Ladi na Yunin 2018, binciken BBC ya nuna yadda hotunan da ba na wurin ba suka yi ta yawo a Facebook suna rura wutar gaba. Mu da muka ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 mun san abin da jita-jita ke haifarwa a garin nan. Yaran da muka raina su ne suka san yadda ake bin diddigin hoto a gano asalinsa cikin minti biyu, amma ba su muke tambaya ba kafin mu tura. Muna neman su ne idan waya ta ƙi caji, ko an kulle mana asusu, ko kamar lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kowa na cewa a saka masa VPN, manhajar da ke tsallake toshewar.

Ƙanen nawa yanzu daga ɗakinsa a Unguwar Rogo yake yi wa wani kamfani na waje aiki, shi ya sa wa gidan sola. Kwanan baya wata maƙwabciya ta kawo ɗanta ya koyi aikin, ta tambayi Inna me ake kiran sana'ar. Inna ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Irin ta kawunsa ce, sai dai shi ba a ganin abin da yake gyarawa."