Me Ake Nufi da Ɗaurewar Magani da Furotin na Ruwan Jini?

Idan masana harhaɗa magunguna suka ce wani magani yana ɗaurewa da furotin na ruwan jini, abin da suke nufi shi ne, da zarar maganin ya shiga jini, wani kaso nasa yakan manne da manyan sinadaran furotin da ke yawo a ciki, sauran kuma ya zauna a sake. Ruwan jini shi ne ruwan nan mai launin rawaya-rawaya da ke tasowa sama idan aka juya jini a na'ura, ƙwayoyinsa suka kwanta a gindin kwalba, kuma yakan kai kusan kashi 55 cikin 100 na jinin mutum.

Babban mai dakon kaya a cikin wannan ruwa shi ne furotin mai suna albumin, wanda hanta ke samarwa, kuma a jikin mai lafiya ana samun giram 35 zuwa 50 nasa a kowace lita. Yana ɗaukar kitse da kalsiyam da bilirubin, wato sinadarin da ke sa idanu su yi rawaya idan shawara ta kama mutum. A shekarar 1975 wata mai bincike, Sudlow, da abokan aikinta a Ostireliya suka nuna cewa albumin yana da manyan gurabe biyu da magunguna ke zama, ɗaya irin su warfarin (maganin hana daskarewar jini) ne ke kama shi, ɗayan kuma irin su diyazefam (mai kwantar da hankali) da ibufurofen (mai rage zogi). Akwai kuma wani furotin mai suna alfa-1 asid gilaikofurotin da shi ma magunguna ke manne masa, wanda yawansa ke ƙaruwa idan jiki na fama da kumburi ko bayan tiyata.

Jigon maganar shi ne, kason da ke sake kaɗai ne yake aiki. Shi ne ke iya ratsa bangon jijiya ya isa inda ciwo yake, shi ne kuma ƙoda ke iya tacewa. Wanda ya manne ajiya ce kawai, amma ba ta dindindin ba, domin duk lokacin da na sake ya ragu, furotin yakan saki wani ya cike gurbin. Kusan kashi 99 cikin 100 na warfarin, maganin hana daskarewar jini, a ɗaure yake; idan ɗaurin ya sauko zuwa kashi 98, a takarda sauyin kamar ba komai ba ne, alhali kason da ke aiki ya ninka sau biyu.

Don auna wannan, masu bincike sukan zuba ruwan jini mai ɗauke da magani a ɗaki ɗaya na ƙaramar na'ura, su zuba ruwan gishiri a ɗayan, tsakaninsu da wata siririyar fata da furotin ba ya iya ratsawa. Bayan wasu sa'o'i a zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum, abin da ya tsallaka shi ne ma'aunin kason da ke sake.

A ganina, inda wannan ilimi ya fi ceton rai shi ne wajen karanta sakamakon gwaji. Fenitoyin, maganin farfaɗiya, kusan kashi 90 cikin 100 nasa a ɗaure yake, gwajin da aka saba yi kuma jimillar na ɗaure da na sake yake aunawa. Mai ciwon hanta ko ƙoda, wanda albumin ɗinsa ya yi ƙasa, sakamakonsa zai iya nuna maganin ya yi kaɗan alhali kason da ke aiki ya wadatar, kuma idan aka ƙara masa sai jiri da tangaɗi su biyo baya.

An daɗe ana kambama haɗarin wani magani ya ture wani daga gurbinsa, amma a jikin manya hanta da ƙoda sukan kwashe rarar, shi ya sa illar ba ta cika tsananta ba. Jarirai ne lamarinsu ya sha bamban. A shekarar 1956 aka ba da rahoto a Amurka cewa bakwainin da aka bai wa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna salfisoksazol sun fi samun lahanin ƙwaƙwalwa da mutuwa, daga baya aka gano cewa maganin yana ture bilirubin daga albumin ya shige ƙwaƙwalwa. Saboda irin wannan dalili ne har yau likitoci ke kauce wa bai wa jariri mai shawara allurar kashe ƙwayoyin cuta mai suna seftiriyakson.